Jita-jitar kaka a Potiskum: wake, gyaɗa da shinkafar roba

Da zarar an fara yankan gero a ƙauyukan Nangere da Fika da Fune, kasuwar hatsi ta Potiskum sai ta cika ta batse. Daga can kaya ke gangarowa shagunan unguwa da teburan masu awo: sabon gero, farin wake, ɗanyar gyaɗa, riɗi, gurjiya, kabewa. Maganganu ma sai su biyo kayan, wasu daga bakin maƙwabta, wasu ta saƙon murya a WhatsApp. A cikinsu akwai gaskiya, akwai mai ƙamshin gaskiya, akwai kuma ƙarya tsagwaronta.

Maganar wake ta fi kowace nauyi. Ana cewa wasu 'yan kasuwa na zuba masa fiya-fiya don kada ƙwari su huda shi. Wannan gaskiya ne, ba kuma yau aka fara ba. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda sinadarin dichlorvos, wanda shi ne ke cikin maganin ƙwari na Sniper. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, sai ga shi an samu har 4.6 a wasu kayan. A watan Nuwamban 2018 aka ga bidiyon wasu masu awo a Legas suna yayyafa wa wake Sniper, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Ba kowa ke yi ba. Amma maganin na feshin gona ne, ba na abin da za a jiƙa gobe a niƙa a yi ƙosai ba, kuma wanda ya sha da yawa yakan kamu da amai, zubar miyau da sarƙewar numfashi.

Daga wannan gaskiyar aka ƙago wata dabara da ta yaɗu a tsakanin matan gida: wai ki nemi wake mai ƙwari ki saya, shi ne ba a sa wa magani ba, tsaftataccen kuwa guba ne. Nan aka yi kuskure. Waken da aka casa makon jiya ba shi da huji don bai kwana biyu ba, ba don an yi masa wani abu ba. Tsohon wake ma yana iya zama lafiya ƙalau ba tare da ɗigon magani ba, idan a buhun PICS aka adana shi. Wannan buhu ne mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Ana ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shigar da iska ma haka yake yi, in an cika shi taf. Mai huji kuwa ba shi da wata shaidar tsarki, domin sau da yawa sai mai kaya ya ga ƙwari sun fara ɓarna sannan yake ɗauko kwalbar.

Hanci ya fi ido amfani a nan. Ɗebi ɗan kaɗan daga tsakiyar buhu, ka murza a tafin hannu, ka sansana. In ka ji warin magani, ko ka ga matattun ƙwari birjik a gindin tiya, ka mayar wa mai shi kayansa. Shanyawa a rana da wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna rage maganin, amma ba wanda zai rantse maka sun kawar da shi duka. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhu kuwa hayaƙi take fitarwa. Haɗarinta mafi girma ga mai ajiye buhun a ɗakin da iyali ke kwana yake.

Akwai kuma batun waken da aka sauya wa halitta, wai yana hana haihuwa. Waken dai akwai shi: sunansa SAMPEA 20-T, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta samar da shi, aka fitar da shi a ƙarshen 2019. An yi shi ne don ya jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanson wake a gona, manomi ya rage yawan feshi. Zancen hana haihuwa babu binciken da ya nuna shi. Mutum na da 'yancin ya ce ba ya son irin, ya tsaya kan na gado. Amma manomin da ya shuka shi ya sani cewa a rumbu ƙwari za su ci shi kamar kowane wake.

Shinkafar roba ba ta cancanci dogon bayani ba. A Disambar 2016 jami'an kwastan suka kama buhu 102 a Legas suka ce ta roba ce. NAFDAC ta gwada, ta ce ba roba a ciki, sai dai shinkafar ta gurɓata da ƙwayoyin cuta, ba ta ciwuwa. Wanda ya taɓa tuƙa tuwon shinkafa ya san tana curuwa ta yi danƙo saboda sitacin da ke cikinta, don haka bidiyon da ake dunƙula ta ana bugawa da ƙasa bai tabbatar da komai ba.

Iyayenmu sukan ce sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa ke kawo zazzaɓin kaka. Sun lura daidai, dalilin ne ya kuɓuce. Lokacin da ake gasa masara da tumu shi ne lokacin da kududdufai suka cika, sauro ya yi yawa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida a Yobe kowane wata na damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Yaro ya ci dafaffiyar gyaɗarsa, a kafa masa gidan sauro.

Abin mamaki, gyaɗar na da wata illa ta gaske da ba a yawan yaɗawa. In an zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, ko aka bar ta a ƙasa mai danshi, sai ta yi fumfuna, fumfunar kuma na fitar da gubar da ake kira aflatoxin. Masara ma haka. Gubar na cin hanta a hankali, tana daga cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Ana cewa suya na kashe gubar. Ba ta kawar da ita duka, dahuwa ma haka. Matsalar ita ce gyaɗar da aka tsince, wadda ta yamushe ko ta yi baƙi, ita ake sayarwa da araha, ta ƙare a ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kunun yara, ko a watsa wa kaji. In ka ɓare gyaɗa ka ga ƙura-ƙura kore ko ruwan toka a jikinta, ko ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita.

Mai shagon unguwa ba baƙo ba ne, sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci. Tambaye shi kai tsaye, Malam, wannan waken na bana ne ko na bara, a me aka ajiye shi? Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda kuma Allah ya hore wa sayen buhu guda da kaka, lokacin da kaya ke da sauƙi, ya shanya shi ya bushe ƙarau, ya ɗaure a buhun PICS ko jarka, ya ɗora kan katako nesa da bango.