Yadda Za Ka Zaɓi Na'urar Buɗe Ƙofar Gida da Wayar Salula

Gabatarwa

Unguwar Kalley tana tsakiyar birnin Yamai, dab da Babbar Kasuwa. Akwai gidaje, ofisoshi da ɗakunan ajiyar kaya masu manyan ƙofofin ƙarfe. Wasu ƙofofin da hannu ake tura su, wasu kuwa injin lantarki ne ke jan su. Ƙofar da ke da inji ana iya ƙara mata wata ƴar na'ura, wadda za ta sa a buɗe ta da kiran wayar salula.

Wataƙila kai mai gadi ne, ko direba, ko yaron mai walda, ko kuma mai gidan da kansa. Wata rana za a iya aikenka sayen wannan na'ura, ko a damƙa maka kula da ita. Idan an zaɓi wadda ba ta dace ba, an yi asarar kuɗi, kuma ƙofa za ta ƙi buɗewa a ranar da aka fi bukatarta. Wannan darasi zai nuna maka abin da za ka duba kafin ka biya.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar ƙaramin akwati ne da bai fi tafin hannu da yawa ba. A cikinta ana sa katin SIM, wanda a Yamai aka fi sani da "pis". Saboda haka ƙofar tana da tata lambar waya mai alƙaluma 8, kamar ta kowa. Wayoyi biyu ne ke fita daga na'urar zuwa injin ƙofa.

Idan ka kira lambar, na'urar za ta duba ko lambarka tana cikin waɗanda aka rubuta mata. In tana ciki, sai ta katse kiran ba tare da ta amsa ba, ta taɓa makunnin injin na ɗan lokaci, ƙofa ta buɗe. Tun da ba a amsa kiran ba, ba a cire maka kuɗi. In kuwa lambarka ba ta ciki, ko ka ɓoye ta, ƙofar ba za ta motsa ba.

Ka lura da wannan: na'urar ba ta jan ƙofa. Inji ne ke ja, ita umurni kawai take bayarwa.

Na farko: gwada rezo a bakin ƙofarka

Kamfanonin waya irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms ba su da ƙarfi ɗaya a ko'ina. Layin da yake kamawa sosai a shagon mai sayarwa zai iya yin rauni a bayan katangarka. Gani ya kori ji. Ka tsaya daidai inda za a kafa na'urar, ka duba sandunan rezo a wayarka, da safe, da rana, da kuma dare. Ka ari wayar maƙwabci mai wani layin, ka gwada. Layin da ya fi tsayawa shi ne naka.

Ƙarfe yana tare saƙon waya. In za a sa na'urar cikin akwatin ƙarfe, ka nemi wadda ke da eriya mai doguwar waya, wadda za a fito da ita waje a ɗaga ta sama.

Na biyu: karanta abin da aka rubuta a kwali

A nan ne karatunka zai yi maka rana. Ga alamomin da za ka nema:

2G ko 4G. Waɗannan matakan fasahar waya ne. 2G ita ce tsohuwa, na'urorinta sun fi araha. Amma wasu ƙasashe sun riga sun kashe ta. Singafo ta yi haka a shekarar 2017. Na'urorin da ba su san komi ba sai 2G sun daina aiki a can, ko da lafiyarsu ƙalau. Wadda aka rubuta mata 4G da 2G tare ta fi daɗewa tana amfani.

900 da 1800. Waɗannan su ne zangon da layukan 2G ke bi a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma da Turai. Na'urar da aka ƙera domin Amurka kaɗai tana bin 850 da 1900, ba za ta kama a nan ba.

12V, 24V ko 220V. Wannan shi ne ƙarfin wutar da na'urar ke ci. Wutar gida a Nijar 220V ce. In aka haɗa na'ura mai 12V kai tsaye da wutar gida, nan take za ta ƙone.

IP65. Alƙalami na farko, wato 6, yana nufin ƙura ba ta shiga. Na biyu, wato 5, yana nufin feshin ruwa ba ya yi mata lahani. Ka tuna da ƙurar hunturu da ruwan damina.

°C. Wannan alamar zafi ce. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce 40, kuma akwatin ƙarfe da ke cikin rana ya fi haka zafi. Ka zaɓi wadda ke jure zafi mai yawa, sannan ka kafa ta a inuwa.

Ka kuma tabbata ba a ɗaure na'urar da kamfani guda ba. Kamfanoni suna canzawa: Celtel ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010, Orange kuma ta koma Zamani. Ƙofar ƙarfe kuwa tana nan inda aka kafa ta.

Na uku: idan aka ɗauke wuta fa?

Ba sai an faɗa wa mutumin Yamai labarin ɗaukewar wuta ba. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take turo wa kamfanin NIGELEC, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Na'ura da inji duka suna bukatar wuta. Ka tambaya ko ana iya haɗa su da batir ko da faifan hasken rana. Ka tambaya kuma ko na'urar tana riƙe lambobin da aka rubuta mata bayan wuta ta dawo.

Kowane injin ƙofa na kirki yana da mabuɗin da ke sakin ƙofa a tura ta da hannu. Ka koyi amfani da shi tun ranar farko, ka ajiye shi inda mutanen gida suka sani. A ranar gobara ko rashin lafiyar dare, shi ne zai fitar da ku.

Na huɗu: wa ke riƙe da lambobi?

Da saƙon tes ake ƙara lamba ko cire ta, kuma sai da lambar sirri. Yawancin na'urorin suna zuwa da lambar sirri mai sauƙi, kamar 1234, wadda duk mai irin na'urar ya sani. Ka canza ta da hannunka bayan mai haɗawa ya gama aikinsa. Wasu na'urorin kuma suna da tsarin buɗe wa duk wanda ya kira. Ka tabbata an kashe wannan tsari.

Ka ajiye ƙaramin littafi. Ka rubuta sunan kowane mutum, lambarsa da ranar da aka sa shi. Idan ɗan haya ya tashi, ko ma'aikaci ya bar aiki, ko aka sace wayar wani, a cire lambar a ranar. Wayar da ke buɗe ƙofa mabuɗin gida ce.

Kula da katin SIM

A yi rajistar katin da sunan mai gida, ba da sunan mai haɗawa ba. A cire masa lambar PIN kafin a sa shi. A nemi katin da ke karɓar kira da tes, ba na intanet kaɗai ba. A riƙa sa masa ɗan kuɗi a kai a kai, domin kamfani yakan rufe layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba. Ka rubuta ranar a littafinka.

Tsaron rayuka

Mai waya yana iya motsa ƙofa daga nesa, alhali bai ga abin da ke gabanta ba. Ƙofar ƙarfe tana da nauyin da zai raunata yaro ko tsoho. Saboda haka dole a sa mata idanun lantarki guda biyu, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ke hana ta rufewa idan wani abu ya gitta. Na'ura tana gane lamba, amma ba ta gane fuska. Ba ta san baƙon kirki ba, ba ta san ɓarawo ba. Wannan aikin mai gadi ne, kuma mai gadin da ya iya karanta saƙo da rubuta lamba ya ƙara wa kansa daraja.

Kammalawa

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya gwada na'urar a gabanka da katinka. Ka karɓi rasit, da takardar bayani cikin Faransanci ko wani harshen da ke da mai karanta maka. Ka tambayi wanda zai gyara in ta lalace.

Yanzu ɗauki alƙalami. Rubuta waɗannan alamomi a takarda: 4G, 900, 1800, 12V, IP65. Faɗa wa abokin karatunka ma'anar kowace. Ranar da za ka je kasuwa, ka sa takardar a aljihu.