Mai Taɓin Hankali A Cikin Littafin Labari

Daga kasuwar Sabon Tasha zuwa Barnawa, inda asibitin Gwamnatin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa ya ke, ba wata tafiya ba ce, duka biyu suna ƙetaren kogin Kaduna ta kudu. Amma sau da yawa mai gida ya gwammace ya kulle ɗan'uwansa a ƙuryar ɗaki da a gan su a ƙofar wannan asibiti, don gudun kada a ce gidan wane akwai hauka, 'yan matan gidan su rasa manema, abokan ciniki su janye jiki. Wannan kunya kuwa tun ana yara a ke koyonta, daga labarun da a ke mai da mahaukaci abin dariya ko abin jifa. Saboda haka ya kamata a duba yadda waɗansu marubuta suka riƙe wannan al'amari.

Elnathan John haifaffen Kaduna ne, ya karanta aikin lauya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 2015 ya fitar da littafi da Turanci mai suna Born on a Tuesday, watau Ɗantala. Labarin wani almajiri ne da ƙaddara ta kai shi Sakkwato. Da ya koma ƙauyensu ganin gida, sai ya tarar ambaliya ta yi ɓarna, ƙannensa mata tagwaye sun rasu, mahaifiyarsa kuwa hankalinta ya gushe, ko magana ba ta yi. Dabarar marubucin ita ce, dukan labarin daga bakin Ɗantala ya ke fitowa. Mai karatu da idon ɗa zai dubi matar nan, Umma zai ji ana kiranta, ya kuma san baƙin cikin da ya kai ta ga haka. Wanda ya san ta hakanan, ina zai ga abin dariya?

Shi kuwa Chinua Achebe, a cikin tarin gajerun labarunsa na 1972, ta wata hanya ya biyo. Wani mai wadata, Nwibe, yana wanka a rafi, sai wani mahaukaci ya sure masa zane ya sheƙa. Don fushi ya bi shi tsirara har tsakiyar kasuwa. Jama'a suka ga mai zane yana gudu, marar zane yana ihu a bayansa, sai suka kama na bayan, aka kai shi wurin mai magani. Bayan haka da ya nemi sarautar da ya daɗe yana buri, dattawa suka kau da zancen. Lalle 'yan kasuwa su lura da wannan: a kasuwa a ke laƙaba wa mutum suna, in kuwa ya bi shi, wuyar kankarewa gare shi.

Akwai kuma Bessie Head ta Botswana, wadda ita kanta ta kwanta a asibitin masu taɓin hankali, kana a 1973 ta fitar da A Question of Power, ta bayyana ciwon kamar yadda mai shi ya ke jinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga malamai. Tun wajen shekara dubu da suka wuce Naisaburi ya tattara labarun su Bahlul a cikin Uƙala'ul Majanin. Fiƙihu kuma ya ɗauke wa majanuni taklifi, ya ɗora wa waliyyinsa tsaron dukiyarsa, watau a kiyaye shi, a kiyaye haƙƙinsa.

Kada a ɗauka zancen littattafai ne kurum. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, waɗansu da mari a ƙafa, da yawansu kuwa danginsu ne suka kai su don a gyara musu hali. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta fi ba da ƙarfi ga tsarewa, sai a farkon 2023 aka maye gurbinta da sabuwa mai kare haƙƙin majinyaci. Amma doka ba ta shiga ƙuryar ɗaki, sai abin da zuciyar mai gida ta yarda da shi.

To, jama'a, duk wanda littafi irin wannan ya zo hannunsa, ya auna shi da abu uku: shin an ba majinyacin suna da dangi, an faɗi mafarin ciwonsa, an kuma bar masa ƙofar samun sauƙi? Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.