Zamanin Kaset: Lokacin da Ake Jin Waƙa Tare

In ka tambayi Bahaushen da ya ba hamsin baya shekarar da aka yi wani abu, ba lallai ya ba ka lamba ba. Sau da yawa cewa zai yi lokacin da ake yayin waƙar wane ne. Shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, 1969, ta zauna a zukatan mutanenmu ne saboda Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Komawa tuƙi a hannun dama a 1972 da shigowar naira da kwabo a 1973, su ma ta bakin mawaƙa mutanen karkara suka fahimce su. Har gobe akwai dattijon da zai ce maka an haifi ɗansa na fari a shekarar da Shata ya rasu, kai kuma sai ka lissafa ka gane 1999 yake nufi.

Abin da ya riƙe wannan lissafi na tsawon shekaru kusan talatin shi ne kaset. Kafinsa akwai faifan garmaho, amma wannan sai gidan sarauta da na manyan attajirai da ma'aikatan En'e. Talaka sai dai ya jira rediyo, ko ya bi makaɗi dandali. Kamfanin Philips ya fito da kaset tun 1963, sai dai bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba sai tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ya shigo, ma'aikata suka karɓi ariyas ɗin Udoji a 1975, alhazai kuma suka riƙa dawowa daga Makka da rikoda cikin tsaraba. National Panasonic ce aka fi yayi. Ana ɗinka mata riga ta yadi ko ta fata, a bar wa lasifika da maɓallai ƙofa, don kada ƙurar hunturu ta shige ta.

Wanda bai ga shagon kaset na wancan lokaci ba, zai yi zaton wurin saye da sayarwa ne kawai. A kowace tasha da bakin kowace kasuwa akwai shi, kuma tun daga nesa ake jin sa, domin mai shagon yakan kafa lasifika a waje ya ƙure murya. A ciki akwai kantoci cike da kaset-kaset da aka rubuta wa suna da biro, sai manyan rikodoji biyu ko uku da aka haɗa da waya. Kana iya sayen wanda aka riga aka naɗa. Amma mai son waƙa na gaske sabon kaset yake saye, TDK ko Sony ko Maxell, mai minti 60 ko mai 90, ya miƙa ya ce, "Maigida, a sa min Shata a gefe ɗaya, ɗaya gefen Ɗanƙwairo, in wuri ya ragu a cike da Haruna Uji." Sai a ce ya dawo bayan la'asar. Saboda haka kaset ɗin da kowa ke tunawa da shi yau ba kamfani ne ya tsara shi ba, mai shi ne ya tsara, kuma da wuya ka sami biyu iri ɗaya a unguwa.

Mai shagon kansa masani ne. Ya san Bakandamiyar Shata ba ɗaya ba ce, domin Shata bai cika maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya ba, kowane zama da abin da zai ƙara. Ya san wadda aka ɗauka a gidan rediyo, ya san wadda wani ya ɗauka a gidan biki har ana jin guɗa da muryar sanƙira a ciki. Irin waɗannan na gidan biki su ne ake ɓoyewa a ƙarƙashin teburi, ba a ba kowa. Ni a ganina waɗannan mutane sun yi wa adabin Hausa hidimar da ba a taɓa gode musu ba. Gaskiya ne mawaƙan ba su sami ko kwabo daga kwafin da ake yi ba, kuma wannan tauye haƙƙi ne. Sai dai makaɗin Hausa na lokacin ba da cinikin kaset yake ci ba, da kyautar iyayen gidansa yake ci, riga da doki da mota da kujerar Makka, kaset kuwa shi ke kai sunan ubangidan garin da bai taɓa zuwa ba.

Daga shago sai majalisa. Ba a san mutum ya shige ɗaki ya ji waƙa shi kaɗai ba. Bayan sallar isha'i ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko a kewaye teburin mai shayi, a ajiye rikoda a tsakiya. In batir ya yi sanyi a yi karo-karo a sayo, tsofaffin kuma a shanya su a rana da fatan su ƙara kwana ɗaya. Don tattalin batir ɗin ne ma ba a tariyo kaset da rikoda, sai a zura biro a ramin a yi ta juyawa. In rikoda ta tauna zaren, a zaro shi a hankali, a yanke inda ya lalace, a liƙa da jan farce ko salatif. Wurin da aka liƙa ɗin yakan haɗiye kalma biyu ko uku, har mutane su haddace waƙar da giɓinta.

Kuma ba shiru ake yi ana saurare ba. A tsayar da kaset a yi gardama: wa Narambaɗa yake yi wa zambo a nan, wane ɗan sarki ne ake yi wa habaici ba a kama suna ba? Wanda ya fito daga ƙasar Sakkwato ko Zamfara shi ke fassara wa Kanawa kalmomin Ɗanƙwairo da na Ɗan Anace. In aka sa waƙar ɗan dambe Shago, sai tsofaffin 'yan kallon dambe su miƙe suna kwatanta yadda ake kai naushi. Yaro na gefe yana jin tarihin masarautu da salsalar mutane ba tare da an ce masa karatu ake yi ba. Direbobin manyan motoci kuwa da yaransu, Ɗan Maraya Jos ne nasu, shi da ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da manyan makaɗa ke bin fada.

Aron kaset wata al'ada ce mai dokokinta. Ba a hana aboki, amma ana rubuta suna a jiki, wani har ya ƙara da gargaɗi. Akan ɓalle 'yan haƙoran da ke saman kaset don kada wani ya yi kuskuren naɗar wani abu a kai. Abota ta sha yin tsami a kan kaset ɗin da aka ara ba a dawo da shi ba, saurayi kuma in ya haɗa wa budurwa kaset na musamman ya aika ƙanwarsa ta kai, kowa ya san magana ta yi nisa.

A cikin gida labarin daban ne. Rikoda ta shiga kayan ɗakin amarya, tana zaune a kan kanta kusa da jeren kwalla da tangaran. Da hantsi, in maza sun fita, daga nan muryar Barmani Choge ko Uwaliya Mai Amada ke tashi, ana daka ana tankaɗe ana amshi. Barmani, wadda ta rasu a 2013, ta faɗa wa mata su kama sana'a, ta kuma taɓo zancen kishiya da bakin da mata ke yi a tsakaninsu. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa dandali, kaset ne ya kawo mata kiɗan ƙwarya har tsakar gida ba sai an jira biki ko suna ba.

Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana da hanyarsa. Sai ya dace da lokacin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna, ya ɗora yatsa a kan jan maɓalli yana jira a gama karanto gaishe-gaishen masu katin zaɓe. Shi ya sa tsofaffin kaset da yawa ke farawa da guntun sunan wani da ke gaida wani a Gusau ko Maraɗi.

Ba waƙar gida kaɗai aka ji ba. Samarin birni sun yi yayin Bob Marley da Michael Jackson, an ji Sayyid Khalifa na Sudan, an ji Sa'adu Bori daga Nijar. Amma babu baƙin da suka zauna daram kamar na Indiya. Muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar sun shiga kowane lungu, har masu bege suka riƙa ɗora yabon Annabi a kan karinsu.

Wannan son waƙoƙin Indiya ne ya haifi shekarar da 'yan arba'in na yau ke ambato da ɗoki, wato wajajen 2000, lokacin fim ɗin Sangaya da Wasila. Fiyano ta maye gurbin kalangu a situdiyoyin Kano, kuma kaset ɗin waƙoƙin fim yakan riga fim ɗin fita kasuwa, ya zama shi ne tallarsa. Dattawa sun ce an kashe kiɗan gargajiya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, Shata ya bi shi, ba a kuma sami waɗanda suka cike gurbinsu ba. Duk da haka ba na yarda a raina wa 'yan wancan zamani abin da suke ƙauna. Wadda aka kai ta ɗakin miji ana kiɗan Sangaya, abin da take ji in an sa shi yau bai gaza abin da mahaifinta ke ji game da Bakandamiya ba.

Daga nan faifan CD ya zo bai daɗe ba, waya da memori suka kore shi. Shagunan kaset suka koma wuraren tura waƙa, matashi da kwamfuta yana zuba ɗaruruwan waƙoƙi cikin minti kaɗan. Su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun fitar da kundin waƙoƙinsu a wannan yanayi, kuma suna da masoyan da ke lissafa shekarunsu da su. Tsofaffin waƙoƙin da ake turawa yanzu, mafi yawansu daga kaset ɗin wani aka kwafo su, da shuu ɗinsu da inda zare ya taɓa tsinkewa. Waɗanda ba a kwafa ba suna nan cikin kwalaye da akwatunan ƙarfe a ɗakunan tsofaffi, zafi da damina suna cin zaren, magada kuma kan zubar da su ranar da ake rabon gado.