Ilimin doki a barga yake farawa

Tun da hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024 ake ta murna, kuma murnar ta cancanta. Sai dai yawancin masu magana sun ɗauka mahayi aka karrama, da rawaninsa da alkyabbarsa. Abin da ake son karewa shi ne sanin da iyaye ke miƙa wa 'ya'ya, kuma kaso mai tsoka na wannan sani a barga yake.

A Amurka ba a raina shi. Jami'o'i da dama na karɓar 'yan sakandare a dogon hutun tsakiyar shekara, su yi 'yan makonni suna koyon kula da dawaki kafin su shiga jami'a. Jami'ar Cornell, wadda kwalejinta ta likitancin dabbobi ta soma tun 1894, ta sha yin haka. Za a ɗora wa yarinya 'yar shekara 16 abin sauraren ƙirji, ta manna shi bayan gwiwar doki ta hagu, ta ƙirga bugun zuciya: 28 zuwa 44 a minti idan lafiya lau yake. Za a nuna mata cewa doki ba ya iya amai, kuma tumbinsa ƙarami ne, da ƙyar ya wuce lita 15. Shi ya sa ciwon ciki ke kan gaba cikin masu kashe shi. Wanda ya san wannan ba zai ɗura wa dokinsa gero ana saura kwana goma sallah don ya yi ƙiba ba, domin ƙarshenta sai a tarar da shi yana birgima a turke, ko kofatansa sun yi zafi ya kasa takawa.

Mu kuwa mun daɗe da doki. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke. Sarautun Madawaki da Shamaki shaida ne cewa doki ginshiƙin mulki ne a da. Amma da likitancin dabbobi na zamani ya zo, shanu ya fuskanta: cibiyar Vom da aka kafa a 1924 cutar bushiya ta sa a gaba. Aka bar doki a hannun masu barga, su ne suka riƙe sanin yawan kanwa da dusa da harawa, da gane shekarun doki daga haƙoransa, da turara hayaƙi da magariba don korar ƙananan ƙwari. Kimiyya ta tabbatar da cewa irin ƙwarin nan masu cizo da yamma ne ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, wadda ta hallaka ɗaruruwan dawaki a Tailan a 2020. Tsofaffin masu bargar nan suna ta rasuwa da abin da suka sani, kuma wannan asara na ci mini rai.

Me muke jira? Akwai tsangayar likitancin dabbobi a Zariya, akwai a Sakkwato, akwai a Maiduguri. Akwai bargar sarki a kowace babbar masarauta. Hutun Agusta kuma yara na zaune a gida. Masarautu da jami'o'i su haɗa kai su ware mako uku, malamin jami'a ya koyar da safe, tsohon mai barga ya karɓa da yamma, a biya shi haƙƙinsa, a kuma sa ɗalibai su rubuta duk abin da ya faɗa da Hausa.