Tsutsar Ƙashin Kifi da Danginta a Tafkunan Adar: Bayani da Shawara kan Kalmomi

1. Gabatarwa

Kalmar tsutsa tana ɗauke da kaya fiye da ƙarfinta. Da ita a ke kiran mai cin zangarniyar gero, da mai fitowa daga ruɓaɓɓen nama, da mai zama cikin hanjin yaro. A wajen hira wannan ba ya ɓata kome, don mai magana yana iya nuna abin da ya ke nufi. A littafin yaƙi da jahilci kuwa, inda babu mai nuni da yatsa, suna guda ga halittu da yawa yana iya sa mai karatu ya ƙyamaci abincin da ba shi da aibu, ko ya yi sakaci da abin da zai kwantar da shi. Wannan maƙala za ta bi dangi guda na tsutsotsi, wanda masana ke kira Nematoda, daga ƙashin kifin teku zuwa tafkunan Adar. Manufarmu ita ce mu nuna cewa hanyar da tsutsa ke bi a rayuwarta ita ya kamata ta yanke sunan da za a ba ta, da gargaɗin da za a rubuta a kanta.

2. Siffar dangin

Ƴaƴan wannan dangi dogaye ne, mulmulallu kamar zare, ba su da ƙafa, ba su da gaɓoɓi. Ba sa rikiɗa su zama ƙuda ko malam-buɗe-littafi kamar tsutsar nama da ta gero. Macijin ciki da kurkunu duk a cikinsu su ke. Tsila, mai faɗi da gaɓoɓi, ba ta ciki. Haka tana, wadda jikinta ke da zobba. Da yawa daga cikin dangin a ƙasa da ruwa su ke neman abincinsu, amma waɗansu ba sa rayuwa sai a jikin wata halitta, kuma su ne abin dubawarmu.

3. Mai zama cikin ƙashi

A tekun Fasifik, kewaye da tsibirin Sabuwar Kaledoniya, akwai duwatsun murjani, wato ginin da waɗansu ƙananan halittun ruwa ke yi, dangin waɗanda a ke samun murjanin wuya daga gare su. A shekarar 2004 wani masani Bafaranshe, Jean-Lou Justine, ya bayyana wata tsutsa daga kifayen wurin, masu suna Bodianus, ya raɗa mata Huffmanela ossicola. Kalma ta biyu Latananci ce, ma'anarta mazauniyar ƙashi.

Da ƙwai kaɗai aka siffanta ta. Tsutsar takan zuba ƙwai masu ɗimbin yawa cikin ƙasusuwan kifin, daga kai har gadon baya. Ƙwan masu duhu ne, ƙanana ƙwarai, sai an jera fiye da 10 kafin su kai milimita 1. Ƙashi kuwa ba shi da ƙofa. Saboda haka ƙwan ba su da mafita muddin kifin yana raye, sai ya mutu ƙashin ya ruɓe, ko wani babban kifi ya haɗiye shi. Mutuwar mai gida ita ce buɗe hanyar baƙon.

An taɓa ganin ƙwan waɗansu ƴan'uwanta a bayan gidan mutanen da suka ci kifi. Wucewa kawai su ke yi, ba sa ƙyanƙyashewa a jikin mutum. Ga tsutsa ke nan mai muni ga ido, wadda hanyarta ba ta ratsa ɗan Adam ba.

4. Kifin tafki da tsuntsu

Adar ba ta da teku, amma tana da kifi. Tafkin Tabalak, a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, da na Ɗan Dutsi, suna cikin wuraren ruwa da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2005. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa a cikinsu, a sayar ɗanye ko soyayye ko banda, har kasuwar Tawa.

A ruwayen Afirka da yawa, irin waɗannan kifaye sukan ɗauki ƴaƴan wata tsutsa mai suna Contracaecum. Ga yadda hanyarta ta ke. Uwar tana zaune a cikin tsuntsu mai cin kifi, kamar zalɓe ko kwasakwasa. Ƙwanta na faɗawa ruwa tare da kashin tsuntsun. Ɗan da ya fito sai wata ƴar halitta ta haɗiye shi, wadda da ƙyar ido ke ganinta, mu kira ta ƙumar ruwa. Kifi ya ci ƙumar, tsuntsu ya ci kifin, zagaye ya cika.

Mai gyaran kifi kan tarar da su farare, a nannaɗe kusa da hanta ko zuciya. Galibinsu suna tafiya da kayan ciki in an fasa kifin, wuta kuma tana kashe sauran. Haɗari ga mutum yana wajen cin kifi ɗanye ko wanda bai nuna ba. A ƙasar Holan aka fara bayyana irin wannan ciwo a 1960, daga wata ƴar'uwarta mai suna Anisakis, cikin masu cin kifin teku ɗanye. Suya da dafuwa da banda mai zafi sun isa kariya. Shanya a rana da barbaɗa gishiri ba su da wannan tabbaci.

5. Kurkunu

Ita ma kurkunu ta ƙumar ruwa ta ke bi, sai dai masaukinta mutum ne. Wanda ya sha ruwan tafki da ƙumar a ciki, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita 1 za ta huda fatarsa, galibi a ƙafa. Zafi ya kai shi ga tsoma ƙafar a ruwa, ita kuwa ta zuba ƴaƴanta. A ƙasar Sahel lokacin fitowarta kan zo daidai da damina, sa'ad da gona ke bukatar mai ita.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke fama da ita a duniya. Ƙidayar da aka yi a Nijar a 1991 ta samu kimanin 33,000. Da tace ruwa da ƙyalle, da gina rijiyoyi, da hana mai ciwo shiga tafki, aka ci ƙarfinta. Mutum na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasa an same shi a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da ita. A 2023 mutum 14 kaɗai aka lissafa a duniya duka.

Amma tun 2012 aka lura da ita a jikin karnuka a bakin kogin Shari na ƙasar Cadi, har adadinsu ya kusa 2,000 a 2019. Bincike ya nuna kare na iya ɗaukarta in ya ci ɗanyen kayan cikin kifi mai ƙumar ruwa a hanjinsa. An samu karnuka masu ita a Mali ma, wadda jahar Tawa ke iyaka da ita. A arewacin Adar, kamar ƙasar Takanamat, inda noma ke haɗuwa da kiwo, tafki guda kan shayar da mutum da bisa da kare. Saboda haka darasin kurkunu bai kamata ya fita daga littattafanmu ba, kuma yana bukatar ƙarin layi guda: a binne kayan cikin kifi, kada a jefa wa kare.

6. Shawara kan kalmomi

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu ga masu tsara littattafai.

Na farko, a kira dangin duka tsutsa mulmulalliya, a ware shi daga tsutsa mai faɗi da tsutsar ƙwari.

Na biyu, a aro kalmomin fatauci, waɗanda Adarawa suka sani sarai. Halittar da tsutsa ke yada zango a jikinta tana ƙarama a kira ta zango. Wadda ta ke balaga ta hayayyafa a cikinta a kira ta masauki. Wadda ke ɗaukarta kawai daga wuri zuwa wuri, kamar kifi ga kurkunu, a kira ta abin hawa. Da waɗannan uku malami zai bayyana kowace hanya a jimla guda: zangon kurkunu ƙumar ruwa, masaukinta mutum ko kare.

Na uku, kada a rubuta tsutsar kifi kurum a yi shiru. A faɗi wacce, a faɗi masaukinta, a faɗi abin yi. Gargaɗi maras iyaka yana iya kashe kasuwar masuntan Tabalak ba tare da ya kare ko mutum ɗaya ba.

Na huɗu, a kula da lanƙwasa wajen bugu. Tsutsar ƙashi dabam, tsutsar kashi dabam, kuma dukansu suna da ma'ana a darasin lafiya, don haka mai karatu ba zai gane an yi kuskure ba. Haka ƙayar kifi da kayan kifi. A Adar, inda a ke furta kihi, a rubuta kifi bisa ƙa'ida, malami ya karanta da bakin mutanensa.

7. Kammalawa

Tsutsotsi uku muka duba, ƴan dangi ɗaya masu kama da juna. Ta farko ba ta da hanya zuwa ga mutum, ta biyu wuta na tare ta, ta uku kuwa tana iya raba manomi da gonarsa damina guda. Ido ba ya rarrabe wannan, sai sanin zango da masauki. Aikin da ya rage shi ne a bi masunta da mata masu suyar kifi a Tabalak da Ɗan Dutsi da Tawa, a rubuta sunayen da su ke ba abin da su ke gani a cikin kifi. In an tarar da kalma a bakinsu, ita ce gaba da wadda muka ƙirƙira.