IN HATSARI YA AUKU, WA ZAI KAI LABARI GIDA?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce. An ɗaure damma, an zuba rumbu. Yanzu lokacin tafiya ne. Wasu za su cin rani Yamai ko Agadas, wasu za su ƙetare iyaka zuwa Kano ko Sakkwato. Mata za su bi kasuwanni da wake da gujiya. Kowa ya san yadda ake cika mota ranar kasuwa: mutane ciki, buhuna bisa, awaki bisa buhuna.

Ga tambayar da za mu duba yau. In mota ta yi hatsari, mutum ya suma, ba ya iya magana, wa zai kai labari gidansu? Kuma yaushe labarin zai kai?

Tambayar ba ƙarama ba ce. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙidaya cewa a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suka mutu bisa hanyoyin duniya. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mutuwa, alhali motocinta ba su kai na sauran ba.

Abin da ke faruwa bakin hanya

A ce mota ta taso daga Maradi za ta Damagaram. Bayan Tasawa, taya ta fashe, motar ta wuntsila. Mutanen ƙauyen da ke kusa ne za su fara zuwa. Sannan jandarmomi da ƴan kwana-kwana. Aikinsu na farko shi ne ceton rai. A fid da mutane, a kai masu rauni asibiti.

Wanda ke iya magana zai faɗi sunansa da sunan garinsu. Wanda ya suma fa? Sai a lalube aljihunsa. A iske goro, da ƴan kuɗi, da laya, wataƙila da katin ɗan ƙasa. Katin zai faɗi ko wane ne shi. Amma mai yiwuwa ne ya bar garin da aka rubuta tun shekara goma. Salularsa kuwa ko ta fashe, ko ta faɗa cikin ciyawa, ko tana kulle. Wani ma ba ya da komi a jikinsa.

Can gida ba wanda ya sani. Matarsa tana daka. Tsohonsa yana cewa ai ya isa, caji ne ya ƙare masa.

Domin mi ake gaggawar neman dangi? Duk wanda ya taɓa jinya asibiti ya san amsa. In mai rauni ya zubar da jini, dangi ake fara nema su ba da nasu. In likita ya rubuta magani, sai an samu mai saye. Sai an samu mai zama kusa da shi, mai ba shi ruwa, mai juya shi. Dangi ne kuma za su faɗa wa likita in yana da ciwon suga, ko farfaɗiya, ko wani magani da jikinsa ba ya ɗauka. In kuwa kwana ya ƙare, gawa ba ta jira. Mutum ya yi kwanaki ɗakin ajiye gawa ba wanda ya san shi, ko a yi masa sutura babu ɗan uwa ko guda, wannan ciwo ne da ba ya barin gida da wuri.

Dabarar da aka yi a Amurka

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Har ƙasashe masu arziki suna fama da ita. Bari mu ga abin da aka yi a Amurka.

Amurka tana da jihohi 50. Kowace jiha ita ke ba mutanenta permi na tuƙi da lambar mota. Can kusan kowane babba yana da permi, kuma shi suke nunawa kamar yadda muke nuna katin ɗan ƙasa.

A watan Disamba na 2005, a jihar Fulorida, wata yarinya mai shekara 22 tana bayan babur, mota ta buge su. Ta rasu. Ƴan sanda sun samu takardarta, amma gidan da aka rubuta ciki ba nan take zaune ba. Uwarta ta ji ƙishin-ƙishin an yi hatsari, ta tafi asibiti tana tambaya, ba wanda ya ba ta amsa. Sai bayan awa 6 da rabi aka faɗa mata gaskiya.

Matar nan ba ta zauna da kuka kaɗai ba. Ta ce: tun da hukuma tana da sunan kowane mai permi cikin kwamfuta, mi ya hana a ƙara sunan wanda za a kira? Ta tara sa hannun jama'a, ta je wurin ɗan majalisar yankinsu. Kafin shekara ta zagayo, ranar 2 ga Oktoba 2006, jihar Fulorida ta buɗe rajistar waɗanda za a kira in hatsari ya auku. Ita ce jiha ta farko da ta yi haka.

Mi ake nufi da rajista? Kamar babban littafin mai gari ne, wanda aka rubuta sunayen magidanta ciki. Sai dai wannan yana cikin kwamfuta.

Ga yadda take aiki. Mai permi, ko mai katin shaida na jiha, zai ba da sunan mutum ɗaya ko biyu, da inda suke zaune, da lambar wayarsu. Yana iya yin haka a ofishin ba da permi, ko ta intanet daga gida. Ba a biyan ko dala. Ba tilas ba ne kuma, wanda ya so ne ke yi. In hatsari ya auku, ɗan sanda zai buga lambar permin a kwamfutar da ke cikin motarsa. Nan take sunayen za su fito. In bai samu permi ba, lambar mota za ta kai shi ga mai motar, mai motar kuma ya kai shi ga rajista. Aikin da ke cin rabin yini ya koma na ƴan mintoci.

Wasu za su ce: to, ba za a tona wa mutum asiri ba? An yi tunanin haka. Doka ta hana a buɗe rajistar ga kowa. Ma'aikatan tsaro ne ke dubawa, don neman dangi lokacin gaggawa. Ɗan kasuwa ko mai bin bashi ba ya da hanyar gani.

Miliyoyin mutanen Fulorida sun rubuta nasu. Wasu jihohi suka bi sau. Ohayo ta buɗe tata a 2008, Ilinoi a 2009. A Ilinoi har ana iya rubuta ciwon da mutum ke fama da shi. A jihar Niyu Jazi an kafa dokar a 2011. Can ma iyayen wata yarinya mai shekara 19 ne suka tsaya. Ta yi hatsari a 2007, kafin a same su su iso asibiti ta riga ta fita hayyacinta, washegari ta rasu, ba su yi magana da ita ba. Abin lura ne: sau da yawa iyaye mata ne suka tayar da hukuma a wannan magana.

Turai ta bi wata hanya dabam. Tun ranar 31 ga Maris 2018, duk sabon samfurin ƙaramar mota da za a sayar a Tarayyar Turai sai an sa masa wata na'ura. In motar ta yi karo mai ƙarfi, na'urar ke kiran lamba 112 da kanta, ta faɗi inda motar take. Amma masu ceto take kira, ba dangi ba.

Inda dabarar ta gaza

Rajista ba ta san abin da ba a faɗa mata ba. Wanda bai rubuta ba, ba abin da zai fito. Wanda ya rubuta, ɗan uwansa ya canza lamba bai gyara ba, duk ɗaya ne. Kuma ba dukan jihohin Amurka ke da ita ba.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma shi ya shafe mu. A Amurka, yawanci mota ɗaya ta gida ɗaya ce. In ka san mai mota, ka san na ciki. A nan kuwa motar kasuwa ɗaya tana ɗauke da mutanen gida ashirin, daga ƙauyuka goma. Lambar mota za ta kai jandarma ga takardar mota, wadda direbobi ke ce wa kart giriz. Sunan mai mota ne ciki. Wani lokaci ma an sayar da motar sau biyu ba a canza suna ba. Ko da an samu mai motar, ina ya san tsohuwar da ta shiga bakin hanya da ƙwaryar nono? Ina ɗan kabu-kabu ya san wanda ya goya?

Manyan motocin kamfani sun ɗan fi dama, don ana rubuta sunan fasinja lokacin yankar tikiti. In an tambaye ka suna, ka ba da na gaskiya, wanda ke bisa katinka. Kada ka shiga da tikitin wani. In abu ya faru, gidan wancan za a kai labari, naku na zaune.

To, ga mai shiga motar kasuwa, rajistarsa ita ce aljihunsa.

Takardar aljihu

Duk wanda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci yana iya yin ta yau da dare. A samu kwali mai ƙwari, kamar girman katin ɗan ƙasa. A rubuta da biro, ba da fensir ba, da manyan baƙaƙe. Da farko sunanka da na mahaifinka. Sannan sunan garinku tare da ƙaramar hukumarku. Wannan yana da amfani ƙwarai, don Sabon Gari nawa ne a ƙasar nan? Sannan a rubuta: IN HATSARI YA AUKU A KIRA, a sa sunan mutum biyu, da abin da ke tsakaninku, da lambar kowane. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce. A ƙidaya su sau biyu. Alƙalami ɗaya in ya kuskure, takardar ta zama banza. Mai ƙetare iyaka ya sa +227 a gaba. Malamin aji yana iya ƙara layin da Faransanci, don wanda zai tsinci takardar wataƙila ba ya karanta Hausa. Mai ciwon da ya daɗe a jiki ya rubuta shi a baya.

Wa ya kamata a rubuta? Nan sai an yi tunani. Ba lalle ne wanda ka fi so ba. Wanda ake samu ne. Mutumin da salularsa ba ta rabo da caji, wanda ke zaune inda akwai rezo, wanda ke ɗaukar kira ko bai san lamba ba. Ya zama mai natsuwa, wanda zai iya tashi ya nemi mota da kuɗi. Kada a sa tsohuwa mai hawan jini, kada a sa mace mai tsohon ciki. Kada a sa mutum biyun da kuke tafiya tare kullum, don mota ɗaya za ta ɗauke ku. In garinku babu rezo, a sa ɗan uwa na birni, ko mai shagon cajin da ke garin kasuwa, wanda zai iya aika yaro da babur. Kuma a faɗa wa mutum an sa sunansa, ya sani.

A naɗe takardar cikin leda saboda zufa da ruwa. A ajiye ta jikin katin ɗan ƙasa, don nan ake fara dubawa. Kada a sa ta cikin buhu ko jaka bisa mota. Kaya da mai kaya ba wuri ɗaya suke faɗuwa ba. Mace ta sa ta cikin ƴar jakar kuɗin da ke jikinta. Yaron da za a aika makaranta ko wurin dangi, da tsoho, da kurma, su suka fi kowa bukatarta. Wanda ya iya rubutu ya yi wa na gidansu da ba su iya ba.

Salula ma tana taimako in ta tsira. A 2005, wani ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya a Ingila ya ba da shawara kowa ya yi wa lambar ɗan uwansa alama cikin salula, don masu ceto su gane ta. Shawarar ta bazu duniya. Mu duba namu salulolin. An rubuta Tsoho, an rubuta Mai Shayi, an rubuta Dogo. Wa jandarma zai kira cikinsu? Sai a gyara guda biyu, a sa A KIRA 1 da A KIRA 2. Manyan saluloli na shafawa suna da wurin da ake sa lambar gaggawa, wadda ake gani ko salula tana kulle. Matasan gari sun san wurin. Duk da haka salula tana fashewa, tana mutuwa, wani lokaci ma tana bin hannun da bai kamata ba. Kwali cikin leda ba ya bukatar caji.

In kai ne ka fara isa wurin hatsari, kira 18 don ƴan kwana-kwana, ko 17 don ƴan sanda. Faɗi sunan garin da ya fi kusa da yawan waɗanda suka ji rauni. Kada ka ɗauki hoton mutane ka watsa a WhatsApp. Uwa ta ga ɗanta kwance cikin salular maƙwabta kafin a zo mata da magana, wannan ba taimako ba ne. In ka ga takardar aljihu, ka ba jandarma ko likita. In kai aka sa ka kira, faɗi sunan asibitin da aka kai mai rauni, ka ce a zo da masu ba da jini. In rasuwa ce, a nemi babba na gidan ko mai gari, shi zai san yadda zai shiga da maganar. A Amurka ma, in rasuwa ce, ɗan sanda ke zuwa gidan da ƙafarsa.