Ko Kun Sani?

Ba kowane tari mai jini ba ne tarin fuka. Akwai wata funfuna mai suna Aspergillus da ke zaune a ƙasa, a ruɓaɓɓen kara, da cikin rumbunan gero da gyaɗa irin waɗanda suka cika ƙauyukan Daura, Zango da Baure. Takan shige kogon da tarin fuka ya bari a huhu ta yi gida, sai mutum ya yi ta rama yana tari, gwajin majina kuwa ya fito babu komai.

A kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, tarin fuka na huhu yana ƙarƙashin A15 da A16, ita kuwa cutar da wannan funfuna ke haddasawa B44 ce. Bambancin ba na wasa ba ne. Maganin tarin fuka kyauta ake bayarwa a Najeriya, amma itraconazole, maganin cutar funfunar, wanda akan sha aƙalla wata 6, ba ya cikin wannan shiri. Hukumomin inshorar lafiya irin su KTSCHMA ta Jihar Katsina kuma abin da likita ya rubuta a fayil suke dubawa kafin su biya asibiti.